Shin da gaske teku ta haɗiye tsibirin Atlantis?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga wani bidiyo a YouTube ana cewa an gano tsohon birnin Atlantis da ya nutse, wai yana cikin hamadar Muritaniya. Birnin nan ya taɓa wanzuwa kuwa, ko shaci-faɗi ne? Daga wani ɗalibi a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam. Duk labarin da aka kawo maka, fara neman isnadinsa. Isnadin Atlantis kuwa a kan mutum ɗaya tak yake tsayawa: Plato, masanin falsafar Girka da Larabawa ke kira Aflatun. Shi ya kawo shi a littattafansa biyu, Timaeus da Critias, wajen shekara ta 360 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Babu wani rubutu da ya riga su da ya ambaci tsibirin, ko a Girka ko a Masar.

A faɗar Plato, Solon, dattijon da ya tsara wa birnin Atens dokoki, shi ya jiyo labarin daga limaman birnin Sais na Masar. Wai shekara 9,000 kafin zamaninsa akwai wani ƙaton tsibiri a bayan mashigar Jibraltar. Babban birninsa zobe ne cikin zobe, uku na ruwa, biyu na ƙasa, fada a tsakiya, ganuwowi an dalaye su da tagulla da kuza. Da arziki ya yi musu yawa sai girman kai ya shige su, suka fita cin ƙasashe, mutanen Atens suka taka musu birki. Daga nan girgizar ƙasa da ambaliya suka shafe tsibirin cikin yini ɗaya da dare ɗaya.

Ka lura da waɗanda suka yi nasara: mutanen garin marubucin ne, masu irin tsarin mulkin da shi kansa yake wa'azi a kai. A ganina, kuma a ganin mafi yawan masana tarihin Girka, misali ne ya ƙaga don jan kunnen masu mulki. Bai ma ƙarasa Critias ba, labarin ya yanke ana tsakiyar magana. Shekarun kuma ba su zauna ba, domin a wancan zamani babu Atens, babu rubutu, babu ƙira.

Wataƙila ya ari wani abu daga abin da ya faru a gabansa. A shekara ta 373 kafin Annabi Isa, yana raye, girgizar ƙasa ta jefa garin Helike na Girka cikin ruwa a dare ɗaya. Wasu kuma suna nuna aman wutar dutsen tsibirin Santorini, wajen shekara ta 1600 kafin Annabi Isa, wanda tokarsa ta binne garin Akrotiri. Da aka fara tono shi a 1967 an tarar da benaye, da magudanun ruwa, da zane-zane a bango launinsu bai kode ba.

Ita kuwa tekun Atlantika, inda Plato ya ce tsibirin yake, tun shekarun 1950 masana kimiyya Marie Tharp da Bruce Heezen suka fara zana taswirar ƙasanta. Jerin duwatsu aka gani a tsakiya, inda ɓawon duniya ke rabewa, babu wata nahiya a kwance.

Sai na Muritaniya, wato Richat, kusa da garin Wadan. Daga sama lallai zobba ne, shi ya sa bidiyon ke kama ido. Amma faɗinsa kusan kilomita 40 ne, alhali zobban da Plato ya auna ba su wuce kilomita 5 ba. Dutse ne da ya kumburo, iska da ruwa suka sassaƙe shi cikin miliyoyin shekaru, a kan tudu, ɗaruruwan kilomita daga gaɓar teku. An tsinci makaman dutse na mutanen da a wurin, ba a ga ganuwa ba balle fada. Wannan cuta ta ganin Atlantis ko'ina tsohuwa ce: a 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya ga kawunan da maƙeran Ife suka zuba, ya kasa yarda aikin Yarbawa ne, sai ya ce ragowar Atlantis ne.

In birnin da ya nutse da gaske kake son karantawa, nemi Heracleion na Masar, wanda Franck Goddio da masu nutsonsa suka gano a 2000 a ƙarƙashin ruwa daura da gaɓar Abu Kir, kusa da Iskandariyya. Sun ciro gumaka masu tsayin mita 5 da allon dutse mai ɗauke da sunan garin.