Me ya sa ake ta yabon ƙungiyar LSU ta 2019?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske LSU (Jami'ar Jihar Louisiana) ta 2019 ce ta fi kowa a ƙwallon jami'o'in Amurka, wadda ake wurgawa da hannu. A ganina ta cancanci yabon nan.

Wasa 15 ta buga, ta cinye duka. Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Alabama a watan Nuwamba. Sau takwas a jere Alabama tana lallasa su, har da ci 29 da nema a gidansu a 2018. Sai ga shi sun bi ta har Tuscaloosa sun doke ta 46 da 41.

Joe Burrow, mai jefa wa 'yan wasa ƙwallo, wanda ya baro jami'ar Ohio State saboda zaman benci, shi ne ƙashin bayan tafiyar. Jifarsa 60 ta kai ga cin maki, bakwai daga ciki kafin a tafi hutun rabin lokaci a karawarsu da Oklahoma. Ya kuma ɗauki kyautar Heisman, wadda ake bai wa gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara. Kada dai a manta da Ja'Marr Chase da Justin Jefferson masu cafke ƙwallon.

A wasan ƙarshe, 13 ga Janairun 2020 a New Orleans, sun doke Clemson mai riƙe da kofin 42 da 25.