Taswirar Gonaki da GPS: Shin Sai Mai Lasisin Safiyo?

Tambaya: Barista, wata ƙungiyar manoma ce ta ba ni kwangilar zagaya gonakin membobinta da GPS na waya, in haɗa da hoton tauraron ɗan Adam in fitar musu da taswira. Ni ba safiyo na karanta ba. An ce min wai laifi ne. Ina matsayina?

Amsa: Malam, doka ba na'urar da ke hannunka take dubawa ba, amfanin da za a yi da takardar take dubawa.

Idan taswirar don ƙungiya ta san inda gonaki suke ne, da kimanin faɗinsu saboda rabon taki ko iri, wannan tattara bayanai ne, kamar yadda ake ɗaukar wuraren rijiyoyin burtsatse da makarantu. Amma da zarar takardar ta ce "iyakar wane ta tsaya nan", ko za a nemi takardar shaidar mallakar fili (C of O) da ita, ko jingina a banki, ko a kai ta kotu, ka shiga hurumin mai safiyo. Hukumar SURCON, wadda doka mai lamba 44 ta 1989 ta kafa, ita ke yi wa masu safiyo rajista a Najeriya, kuma laifi ne mutum ya yi aikinsu don a biya shi, ko ya kira kansa da sunansu, ba tare da rajista ba. Ofisoshin filaye irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna ba za su ɗora takardar mallaka a kan zanenka ba.

Wannan ba son kai ba ne na masu sana'a. GPS na waya yakan kauce da mita 3 zuwa 5 ko da sararin sama a buɗe yake, ƙarƙashin itatuwa kuwa ya fi haka. Fuloti mai faɗin ƙafa 50 kusan mita 15 ne, ka ga kuskuren kaɗai zai iya cinye kashi ɗaya cikin uku. Sannan waya tana lissafin lambobin wuri da ma'aunin duniya mai suna WGS84, alhali tsofaffin taswirorin filaye an gina su a kan ma'aunin Minna. In ba a juya lambobin daga wannan zuwa wancan ba, gona sukutum sai ta zame da gomman mitoci ta faɗa cikin ta maƙwabci. Daga nan sai gaban mai gari.

Inda nake ji maka tsoro shi ne, kai kuɗi za a biya ka, kuma manomi in ya ga gonarsa a takarda da sunansa, shaidar mallaka zai ɗauke ta. Don haka a rubuta cikin kwangila cewa aikin ƙididdiga ne, a kuma buga a jikin kowace taswira cewa ba ta tabbatar da iyaka ko mallaka. Kada ka kafa turaku ko dutsen iyaka, kada ka taɓa wanda ka tarar. In ƙungiyar na da niyyar neman takardu nan gaba, tun yanzu a ɗauko mai safiyo mai rajista ya jagoranci aikin ya sa hannu da hatimi, kai ka yi aiki a ƙarƙashinsa. A tantance lambar rajistarsa a SURCON kafin a ba shi ko kwabo.

In za ka yi amfani da jirgi marar matuƙi kuwa, lissafinsa daban: sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Sunaye da lambobin wayar manoman ma suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, saboda haka ka karɓi yardarsu a rubuce.