Ƙara wa fayiba wuta ba zai kai hasken ba

Ɗan'uwa, ka ce ka tura haske mai ƙarfin 23 dBm daga EDFA, na'urar ƙara ƙarfin haske, cikin layin fayiba mai kilomita 30, mitar auna haske ta can ƙarshe ta tsaya cak, hoton talabijin kuma sai ƙara dusashewa yake. Kana tambaya ko EDFA ɗin ce ta lalace. Don Allah kada ka sayi wata tukuna. Irin wannan ya taɓa cinye mini kwana biyu a wani layin talabijin na kebul, kuma alamunka duk na SBS ne, wato korowar haske baya a cikin fayiba idan ƙarfinsa ya yi yawa.

Haske mai ƙarfi daga leza mai siririn zango, idan ya shiga gilashi, matse shi yake yi har ya tayar da igiyar sauti a ciki. Igiyar nan sai ta zama tamkar madubi mai tafiya, tana koro hasken baya. Sunan masanin Faransa Léon Brillouin aka sa wa abin (shi ne B ɗin cikin SBS), shi ya bayyana tushensa a 1922. A 1550 nm, wato tsawon zangon hasken irin wannan layi, saurin kaɗawar hasken da ya dawo yakan sauka da kusan 11 GHz. Lezar da ba a yi mata wata dabara ba, a dogon layi, tun daga 6 ko 7 dBm take fara wannan hali, wato miliwat biyar ko ƙasa da haka. Kai kuwa miliwat 200 kake ɗura mata.

Ka gwada da idonka. Ni sakuleta na sa bayan EDFA, na'urar da ke karkatar da hasken da ya dawo zuwa ƙofarta ta uku, na ɗaura mita a ƙofa ta uku, abokin aikina yana can ƙarshen layi muna magana ta waya. Ina ƙara wuta kaɗan-kaɗan, yana karanto mini lambarsa. Da muka kai wani mataki sai tasa ta ƙi motsi, tawa ta baya kuwa ta riƙa tsalle. Duk abin da na ƙara, gabana yake dawowa.

Maganin yana cikin taransimitarka, na'urar da ke aiko hasken tun farko. Masu kyau na 1550 suna da saitin SBS, galibi daga 13 zuwa 19 dBm. Girgiza hasken suke yi su baza ƙarfinsa, domin faɗin da SBS ke kamawa 'yan gomman MHz ne kawai, kowane kaso sai ya zauna ƙasa da iyaka. Duba lambar da aka saita, kada abin da ke shiga kowace fayiba ya wuce ta. Amma kada ka murɗa zuwa 19 don kawai akwai shi. A dogon layi bazawar da ta yi yawa tana ɓata hoto ta wata hanyar. Ni na fi son in sa siflita mai raba haske nan take bayan EDFA, ko in rage wuta in dasa wata EDFA a tsakiyar hanya.

Wani zai ce maka ka sa aisoleta. Tana kare leza daga hasken da ya dawo, amma ba ta hana shi dawowa.

Konekta kuma koren nan na APC, wanda aka karkata bakinsa da kusurwar digiri 8, za ka sa, kada ka haɗa shi da shuɗi. Ka kashe EDFA kafin ka cire ko ka goge shi, domin a wannan ƙarfi ƙura ɗaya kan ƙone bakin gilashin, kuma hasken 1550 ido ba ya ganinsa, sai dai ya yi masa illa.