Amsa ga ɗan uwan da aka sallama daga aiki a Houston

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Na ga tambayarka, ka ce kamfani ya sallame ka bayan shekaru kana musu aiki, sun ce sai ka sa hannu a takarda kafin su ba ka kuɗi, sannan wani ya ce za ka iya rubuta bayaninka ba tare da ka je wajen notari, wato jami'in da ke rantsar da mutum ya tabbatar da sa hannunsa, ba. Ni ma an taɓa sallamata a jihar nan ta Texas, kuma na raka 'yan uwa da dama kan irin wannan, bari in faɗa maka abin da na sani.

Kuɗi kashi biyu ne kuma kar ka bari su cakuɗa maka su. Akwai albashin aikin da ka riga ka yi, wannan haƙƙinka ne, dokar Texas ta ce in kora ce dole a biya ka cikin kwana 6, ko ka sa hannu ko ba ka sa ba. In sun riƙe ka kai ƙorafi hukumar ƙwadago ta jiha wato TWC, amma kwana 180 kawai kake da su daga ranar da ya kamata a biya ka, mutanenmu da yawa kunya da "bari in jira su" ke sa lokacin ya wuce musu. Kuɗin sallama shi kuma daban, doka ba ta tilasta wa kamfani ba sai in akwai shi a rubuce a kwantiraginka ko a tsarin kamfanin, haka ma kuɗin hutun da ba ka ci ba. Don haka ka nemo takardun da suka ba ka ranar da ka fara aiki.

Nan ba kamar gida ba ne da ake maganar notis na wata guda. A Texas za su iya sallamarka yau ba dalili, abin da ba za su iya ba shine korarka don addininka, launin fata, ƙasar da ka fito, shekaru ko nakasa. In kana zargin sallar Juma'a ko sunanka ne ya jawo, hukumar tarayya mai yaƙi da wariya a wurin aiki wato EEOC tana karɓar ƙara cikin kwana 300. To wannan haƙƙin neman diyyar shi suke so su saya da kuɗin sallamar, takardar nan yawanci cewa take ka yafe duk wata ƙara. Dan Allah kar ka sa hannu a ofishinsu suna tsaye a kanka. In ka kai shekara 40 dokar tarayya ta ba ka kwana 21 ka yi nazari, kwana 45 in ku da yawa aka sallama tare, bayan ka sa hannun ma kana da kwana 7 na janyewa. Ka kai wa lauyan ƙwadago ya karanta, wallahi kuɗin awa ɗaya bai kai asarar ba, kuma ana ciniki, na ga wanda aka ƙara masa don kawai ya tambaya. Ka nemi tallafin rashin aiki tun yanzu amma ka gaya wa TWC maganar kuɗin sallamar, don yana iya jinkirta biyan.

Batun notari kuma gaskiya aka faɗa maka. Tun 2011 Texas ta yarda kowa ya rubuta bayani ya sa hannu a madadin rantsuwar da muka saba yi a kotu a gida, ka sa cikakken suna, ranar haihuwa, adireshi, gundumar da kake da kwanan wata, ka rubuta cewa ka yarda a hukunta ka in ƙarya ka yi. Abin da ke damuna shine mutane na ɗaukarsa wasa tunda ba wanda ya rantsar da su, alhali ƙarya a ciki laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har shekara 1 da tarar dala 4,000, in a shari'a ce ya fi haka tsanani, ga Allah kuma yana gani. Ka rubuta abin da ka gani da idonka kawai, ranar da abu ya faru, awannin da ka yi, abin da manaja ya faɗa maka kai tsaye, ba abin da ka ji a bakin abokan aiki ba.

In da bizar aiki ta H-1B kake, wannan ya fi komai gaggawa, kwana 60 ne iyaka kafin ka samu wani kamfanin, ka ga lauyan shige da fice a satin nan.