Tambaya da Amsa: Na samo suwin am na alminiyam, amma ya fi firam ɗina faɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Wata bakwai ke nan ina haɗa firam ɗin babur mara nauyi da hannuna, injin 150 irin na CG zan ɗora masa. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne suwin am, wato abin nan mai hannu biyu da ke riƙe tayar baya a jikin firam. Na zaga Panteka a Kaduna na samo na alminiyam, tokumbo, aka ce daga babban babur aka ciro shi. Da na kawo gida sai na ga ya fi wurin zamansa a firam faɗi da milimita 30, kuma ya yi tsawo. Mai walda a layinmu ya ce in kawo ya yanke ya haɗe, aikin yini ɗaya ne. Kuɗina sun riga sun shiga, ga shi ƙanena ne zai fi hawan babur ɗin, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. In ba shi ya yanka, ko in nemi wani? In wani ne, wane iri?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka ba shi. Rashin kwanciyar hankalin nan da kake ji, shi ne daidai.

Masu haɗa babur da yawa suna faɗa wa ramin da ka faɗa: a gama firam, sannan a tafi kasuwa neman suwin am, wanda wasu makanikai ke kira fok ɗin baya. Shi ya kamata a fara riƙewa a hannu, da tayar baya da inji, sannan a gina firam a kansu. Amma tunda an yi, gyara yana nan, kuma a jikin firam za a yi shi.

Kafin ka koma kasuwa ka auna abu biyar da kalifa, wato ma'aunin kauri da faɗi na makanikai, ka rubuta a takarda: faɗin tsakanin farantan firam inda suwin am ke shiga, kaurin dogon notin da yake juyawa a kansa, nisan ƙaramin sifiroket (faifan haƙora na jikin inji da ke jan cen) daga tsakiyar babur, kaurin aksil ɗin tayar da za ka yi amfani da ita, da tsawon da kake so daga noti zuwa aksil. Na ukun shi ne wanda ake mantawa. In ƙaramin sifiroket da babban ba su kan layi ɗaya ba, cen zai riƙa cin haƙora ta gefe, wata rana ya fice yana gudu ya kulle tayar. Bututun da notin ke bi ana iya rage shi kaɗan a injin feƙe ƙarfe, muddin gidan bushi ko boris bai taɓu ba, kuma layin cen ne zai faɗa maka gefen da za a rage. Milimita biyu ko uku ake magana. Milimita 30 ba ragi ba ne, wani suwin am ne na wani babur.

Ga injin 150, mafi sauƙi shi ne suwin am na ƙarfe irin na Boxer, Jincheng ko CG, mai shoka biyu. Yana da araha, bushinsa na ko'ina, an yi shi don cen 428 da injinka ke ja, kuma in ta kama a taɓa shi da walda, ƙarfe ne mai haƙuri. In lallai alminiyam kake so, nemi na ƙaramin babur: Yamaha R15 daga samfuri na biyu yana zuwa da shi, haka ƙananan baburan tsere na daji irin YZ85. Sai dai waɗannan shoka ɗaya suke aiki da shi a tsakiya, don haka ka sayo shi da shokarsa, da 'yan hannuwan da ke haɗa su, da aksil, da kola-kolansa (guntayen zobban da ke cike tazara a kan aksil), da mariƙin birki, duk daga babur ɗaya. Wanda ya sayi suwin am tsirara don ya rage kuɗi zai ƙare yana yawo kasuwa neman kola ɗaya. Ka kuma tafi da sikeli. Sau da yawa na alminiyam ɗin babban babur, wanda aka yi don ƙatuwar taya, ba ya fin na ƙarfen ƙaramin babur sauƙi ko kaɗan.

Yanzu maganar mai waldarka, domin ita ce ke kashe mutane, kuma kullum sai an ji ta: wai walda ta fi asalin ƙarfe ƙarfi, wai "ko mota ta bi ta kai ba zai ɓalle ba". A ƙofar gida ko tagar shago, ƙila. A alminiyam ɗin suwin am, ƙarya ce.

Alminiyam ɗin da ake irin wannan aiki da shi ba daga kaurinsa kaɗai yake samun ƙarfi ba, daga gashin da aka yi masa a masana'anta ne. Ɗauki samfurin 6061-T6. Ana kai shi zafin digiri kusan 530, a tsoma a ruwa, a mayar da shi tanda a wajen digiri 175 na sa'o'i takwas. Wannan ne ke ba shi ƙarfin ja kusan 290 a ma'aunin ƙarfi da ake kira megafaskal. Da zarar wutar walda ta bi ta kansa, wurin da ya sha zafi a gefen ɗinkin sai ya sauko wajen 165, wato kusan kashi 40 cikin ɗari ya tafi. Wannan fa in gwani ne ya yi da injin walda mai iskar agon da wayar da ta dace. Akwai samfurin da ma ba ya karɓar walda yadda ya kamata, irin 7075, yana tsagewa tun yana hucewa. Wanda aka narkar aka zuba a mazubi kuwa yakan ɓoye ƙananan ramukan iska da datti, wuta na taɓa shi su taso. Ka tambayi mai waldar wane samfuri ne a hannunsa, ka ga ko zai iya faɗa. Shi bai sani ba, mai sayarwa a Panteka bai sani ba, kai ma ba ka sani ba. To da wace waya zai ɗinke shi?

Abin haushin shi ne aikin zai fito da kyau. Zai goge ɗinkin da garanda, ya yi sheƙi, ka hau ka yi tsalle a kai, ba abin da zai faru, ya ce maka "ka gani ko, Oga?" Alminiyam ba ya gargaɗi. Ƙarfe in aka fi ƙarfinsa yakan lanƙwashe, ka ga tayar ta karkace, ka ji babur yana ja gefe. Shi kuwa tsaga ce siririya kamar gashi take farawa a gefen ɗinkin, kowane rami da kowane tudun rage gudu su ƙara mata kaɗan, wata biyu, wata shida, sai rana ɗaya hannu ɗaya ya ɓalle. Tayar baya ta juya ta daki ɗayan hannun ta tsaya cak, ƙanenka yana kai. Masu cewa a yi da waldar gas ko a cusa guntun bututun famfo a ciki a ɗaure da noti, waɗannan ba su cancanci amsa ba. Haka masu huda suwin am da dirili wai don rage nauyi: giram ɗari suke cirewa, su bar wa tsaga wurin farawa guda goma.

Ko na ƙarfe ne, sauya tsawo ba wasa ba ne, don yana sauya aikin shoka. A ce shoka tana zaune milimita 350 daga noti, aksil yana 400. In ka ƙara tsawo zuwa 480 ka bar shoka a wurinta, taurin da taya ke ji zai ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, domin rabon tsawon ana ninka shi a kansa ne. Babur zai zauna ƙasa, shoka ta riƙa bugun ƙarshe. In an gajarta kuma ya yi tauri, gaba ya yi sauƙin ɗagawa. In dole ne a ƙara wa na ƙarfe tsawo, a yi a kan ma'auni da aka ɗaure shi tam, da hannun riga a ciki, wato guntun bututun ƙarfe mai ƙarfafa mahaɗar, yankan a karkace, kuma nesa da wurin noti da wurin shoka.

A wurin saye, ka zura sanda miƙaƙƙiya a ramin noti, wata a ramin aksil, ka tsuguna ka hango su ta baya. In ba su kwanta daidai da juna ba, ya murɗe, babur ɗin ya taɓa faɗuwa, ajiye shi. Don gano tsaga, wanke shi, shafa kananzir a kan ɗinkunan walda da gindin mariƙin shoka, bar shi minti goma sha biyar, goge ya bushe, ka barbaɗa garin alli. Inda akwai tsaga, kananzir zai fito ya zana layi mai duhu a cikin farin. Sabon fenti a kan tsohon kaya shi ma abin tuhuma ne.

A firam ɗinka kuwa, yanke farantan da ke riƙe noti ka sake su daidai da faɗin suwin am ɗin da ka zaɓa. Ka kusanto da ramin noti zuwa ƙaramin sifiroket iya yadda inji ya bari, don cen kada ya riƙa saki da ɗaurewa da yawa. Cire shoka, ɗaga tayar har sifiroket da noti da aksil su zo layi ɗaya: nan cen ya fi ɗaurewa, kuma a nan ma dole ya rage ɗan saki. In birkin ganga ne, kada ka manta sandar da ke riƙe farantinsa, da filinta a noti. A ƙarshe ka ja zare biyu daga gefen tayar baya zuwa gaba, tazarar tayar gaba ta zo daidai hagu da dama.

Wanda ka riga ka saya, mayar da shi Panteka tun ba a taɓa shi da garanda ba. Yanzu yana da kuɗi, mai irin babur ɗin zai neme shi. In aka yanka, sai dai masu zuba tukwane su saye shi a kilo.