Tambayi Mai Gyara: shuɗiyar waya ta kashe mini kilim

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba mai gyara, ina gajiya, yaya zafi? Ina haya a unguwar Kwara Kano nan Yamai, a wani gida da Turawa suka taɓa zama. Kilim ɗin gidan babban nan ne guda ɗaya mai tura iska ta silin zuwa kowane ɗaki, ya sanyaya da bazara, ya ɗumama da hunturu. Tarmostan bango ya tsufa, sai wana da ke Amurka ya aiko mini da sabo mai gilashi. Kafin in kwance tsohon na rubuta a takarda: ja a R, rawaya a Y, tsanwa a G, fara a W, ruwan goro a O, shuɗiya a B. A sabon, rami ɗaya ne mai O/B, sai na sa shuɗiyar ciki, na naɗe ruwan goron da sikoci. Ina danna sanyi na ji ƙas, shi ke nan. Gilashin yana kamawa da batir, amma ko fanka ba ta motsi. Maƙwabcina ya ce kwamfaresa ce ta ƙone. Ga Afrilu, ga jariri a gida. Wani ma'aikacin banki, Yamai.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Zafi lokacinsa ne, Allah ya raya jariri. Ka gaishe mini da maƙwabcinka, ka ce masa kwamfaresa lafiyarta ƙalau. Wutar ba ta ma kai gare ta ba.

Irin wannan kilim wuta biyu gare shi. Akwai kuran na gari, bolt 220, mai juya kwamfaresa da fanka. Akwai kuma ƙaramin taransifo cikin akwatin na'urar da ke sauko da shi bolt 24, kuma wannan ƙaramar wutar ce kawai ke zuwa bango. Tarmosta ba komai ba ne illa makunni. R ce ke kawo masa wuta, shi kuma ya miƙa ta ga wayar da aikinta ya taso: Y ta tada kwamfaresa, G ta tada fankar ciki, W ta kunna ƙarfen ɗumama. O ita ke riƙe da bawul ɗin da ke juya tafiyar gas, shi ya sa na'ura ɗaya ke iya sanyi ta kuma iya zafi. Sauran guda ita ce C, wadda wutar ke bi ta koma taransifo.

A takardarka babu C. To, ina ta shiga? Ita ce B ɗin nan taka. Kamfanonin ba su haɗa baki a kan wannan harafi ba. A kayan Rheem da Ruud, B wayar bawul ce, tana samun wuta lokacin ɗumama. A tsofaffin kayan Trane da American Standard kuwa, B ita ce wayar komawa, abin da saura ke kira C. Kama da wane ba wane ba ne. Duk bangon da na tarar da O da B tare, kowace da wayarta, kusan kullum B ɗin C ce, don bawul ɗaya ba ya neman waya biyu. Da ka cusa ta cikin O/B ka danna sanyi, sabon tarmostan ya yi aikinsa tsakani da Allah, ya haɗa R da ramin nan. Ka ga ke nan ka gama ƙafafun taransifo biyu kai tsaye, ba komai a tsakani. Ƙas ɗin da ka ji makunnin cikin tarmostan ne, kuma nan take fizibil ya tsinke.

Ka sauke disjonktar na kilim, na ciki da na waje in daban suke. Kashe tarmosta a bango ba ya yanke wuta. Buɗe murfin na'urar ta ciki ka nemo katin da siraran wayoyin nan masu launi suka sauka a kansa. Za ka ga ɗan fizibil na roba mai ƙafa biyu, irin na mota sak: mai amper 3 shunayya ne, mai amper 5 ruwan ƙasa. Zare shi ka ɗaga a haske, za ka ga zaren cikinsa a katse. Masu kayan mota suna da shi, a Katako ma ba za ka rasa ba. Ka sayi mai lamba ɗaya da wanda ka cire, ka ƙara biyu na ajiya. Kada wani yaron gareji ya ce ka sa mai 10 ko ka naɗa masa zaren waya. Wanda ya yi haka, ranar da aka sake kuskure taransifon ne zai gasu, kuma neman irinsa a Yamai sai an sha yawo. In katinka ba shi da fizibil sam, wasu tsofaffi haka suke, ka sunsuni taransifon. Ƙaurin ƙonewa ba ya ɓuya.

Tunda murfin a buɗe yake, bi shuɗiyar wayar da ido ka ga inda aka ɗaure ta a katin: C, ko B, ko B/C. Harafin katin shi ne gaskiya. Launi ra'ayin wanda ya ja wayar ne, kuma a gidajenmu sau da yawa abin da ya rage a buhunsa ya ja. Wani zai ce ka auna tsakanin R da shuɗiyar, in mita ta nuna 24 to C ce. Wannan awo yana ruɗi, don ko tsakanin R da Y ka auna kusan 24 ɗin za ka gani, wutar tana zagayowa ta naɗin kwantaktar, wato makunnin da ke tada kwamfaresa.

Sai ka mayar da kowa gidansa: shuɗiya a C, ruwan goro a O/B, fara a W2 ko AUX, sauran yadda ka rubuta. In sabon yana da Rc da Rh, ja ta shiga Rc, ka bar ɗan ƙarfen da ya gama su. Ka rufe murfin da kyau kafin ka ɗaga disjonktar, don da yawa suna da makunni a bakin ƙofa, in murfi bai danne shi ba ba sa tashi. Tsakanin R da C ya kamata mita ta ba ka 24 zuwa 28.

Saura saiti. Ka faɗa wa tarmostan cewa na'urarka mai juya gas ce, kuma bawul ɗinta O ne. In ka danna sanyi ka ji iska mai ɗumi na fitowa, ba waya ba ce, saitin nan ne ya juye, ka canza shi. Kuma kada ka tsorata in kwamfaresa ta yi shiru da farko. Sababbin nan suna jinkirta ta kamar minti 5 don gas ya daidaita, abin da nake yaba musu ƙwarai a garin da kuran ke tafiya ya dawo.

In sabon fizibil ya sake tsinkewa bayan duk wannan, ka tsaya nan. Ko ɓera ya ci wayar da ke fita waje, ko naɗin kwantaktar ya ƙone, ko makunnin tarmostan ya manne tun ranar farko. Wannan na mai mita ne da ya san aikin.

TAMBAYA: Malam, kilim ɗina na taga ne. Yaro ya sake masa tarmosta, yanzu kwamfaresa ba ta hutawa, gabansa har ƙanƙara yake yi. Wata Hajiya, Tawa.

AMSA: Hajiya, barka da gida. Na fi zaton tarmostan firigo aka sayo miki. Kamarsu ɗaya, da abin murɗawa da siririn bututu, amma na firigo ba ya yankewa sai sanyi ya kai na ƙanƙara, abin da ɗaki a Tawa ba zai taɓa kaiwa ba. Bakinsa ma bai da ƙarfin ɗaukar wutar kwamfaresar kilim, yana iya narkewa. A cire shi a tsoma kan bututun cikin ruwan randa mai sanyi da ɗan ƙanƙara: na kilim zai yi ƙas nan da nan. In ya yi, to a duba ko yaron ya tura wayoyin biyu a ƙafa ɗaya, ko ya bar bututun a baya wajen zafi. Wurinsa gaba ne, bayan matatar ƙura, inda iskar ɗaki ke shiga, ba tare da ya taɓa ƙarfen sanyi ba. A wanke matatar ma, ƙurar hunturu kaɗai tana sa ƙanƙara.

Ki ja wa yaron kunne. Nan babu bolt 24, cikakken 220 ne ke bi ta tarmostan. Ya zare fulogi tukuna, kuma ya nisanci ƙafafun kwandansatar, gwangwanin nan da ke taimaka wa kwamfaresa juyawa, don tana riƙe wuta ko bayan an zare.