Abin da ya sa ba na shafa siminti a tsoffin gidajen Ikko

Jiya muna sauke yashi ka ce mini, "Maigida, me ya sa ka hana a kawo siminti gidan nan, alhali da shi kwana uku mun gama shafe mun karɓi kuɗinmu?" Ban ba ka amsa nan take ba, don raina ya ɓaci. Ba kai ka ɓata shi ba. Maganar taka ce ta zo daidai da wadda wani mutum ya taɓa gaya mini shekara ashirin da wani abu da suka wuce, kuma har yau in na tuna shi sai abinci ya fita kaina.

Kai yaro, ka fara sanin inda kake tsaye tukuna. Unguwar nan da muke aiki, Popo Aguda, bayin da suka dawo daga Barazil ne suka kafa ta. A shekarar 1835 Musulmin da ke bauta a Bahiya suka yi bore cikin watan azumi, yawancinsu Yarbawa, amma har da Hausawa a ciki. Bayan an murƙushe su aka riƙa koro mutane, wasu kuma suka fanshi kansu suka hau jirgin ruwa, aka yi ta dawowa har bayan da aka hana bauta a can a 1888. Ba su dawo hannu rabbana ba. Sun dawo da sana'a a hannu: birkiloli, kafintoci, masu fenti. Benayen nan masu dogayen tagogi da furen da ke bisa ƙofa, aikinsu ne. Je ka layin Martins ka dubi masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Muhammadu Shitta ne ya zuba dukiyarsa, Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya ba shi sarautar Bey, amma mai ginin ɗan Aguda ne, Joao Baptista da Costa. Shekara ɗari da talatin ke nan yana shan iskar teku yana tsaye. Ka je layin Kakawa ka ga gidan su Da Rocha da ake kira Gidan Ruwa, saboda rijiyar da aka riƙa sayar da ruwanta. Ku 'yan yanzu kuna wuce waɗannan wurare kanku na cikin waya, ko ɗaga ido ba kwa yi.

Waɗannan gidaje da jan bulo aka gina su, aka haɗa da farar ƙasa. Ƙasar tsibirin Ikko kuwa ruwa ne a ƙarƙashinta, ruwan ma mai gishiri. Bango yana tsotso shi daga tushe dare da rana. Farar ƙasa tana barin laimar ta fita, gishirin ya tsaya a fatar shafe, in ya ci ta bayan shekaru sai a kankare a sake, bulo yana nan lafiya lau. Siminti ba ya barin komai ya fita. Ya fi bulon ƙarfi, ya fi shi taurin kai. Ruwa sai ya rasa hanya ya yi ta hawa sama ta ciki, gishiri ya daskare a bayan shafen, ya riƙa cin bulon kamar gara.

Ni da na san wannan, ni ne na saɓa shi.

Wani gida ne mai bene ɗaya, ba nisa da dandalin Campos. Jikan mai gidan ya zo daga ƙasar waje, za a yi bikin ƙanwarsa cikin wata biyu, yana son gaban gidan ya fito fes. Na zagaya, na ƙwanƙwasa bango, na ce masa aikin nan na farar ƙasa ne, kuma wata biyu ba za su isa ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce a inda yake zaune ba a gini da kayan kakanni, in ba zan iya ba akwai masu jira. A lokacin maiɗakina tana da tsohon ciki, kuɗin haya ya zo wuya, ina da lebura shida da ke kallon hannuna. Na karɓi kafin alƙalami.

Sai ya ce shi zai kawo yashi, wai yana da wanda zai ba shi da araha. Da mota ta juye, na ɗebi kaɗan na ɗora a harshe. Gishiri zalla, yashin bakin teku ne. Na ce a wanke shi, ya ce ba shi da kuɗin tankar ruwa, kuma ranar biki ba ta jira. Na yi shiru na ci gaba. Wannan shirun shi ne laifina, kuma ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai, bisa kowace taga akwai fure da ganye da wani tsoho ya fitar da hannunsa, wataƙila tun kafin a haifi kakana. Wasu sun ɗan gutsure. Na ce a bar mini su in gyara, ya ce a daidaita su da bango, tsohon yayi ne. Da gudumata na fasa guda biyar. Ina fasawa ina ganin sawun yatsan mutumin a cikin shafen. Wallahi da dare ban yi barci ba.

Aka yi biki, gida ya sha fenti, 'yan uwa suka yi ta ɗaukar hoto. Da na je karɓar cikon kuɗina, kashi ɗaya cikin uku, sai ya ce in bari damina ta wuce ya ga ingancin aikin. Ya hau jirgi ya tafi. Damina ta farko fenti ya kumbura. Ta biyu shafen ya fara kuka in an ƙwanƙwasa, sannan ya riƙa faɗowa falle-falle, kowane falle da fuskar bulo manne a bayansa, bulon ya koma gari kamar jan barkono. Katakon da ke riƙe da bene ya jiƙe ta bakin da ya shiga bango, ya ruɓe. Mutumin nan da ya dawo bai ce yashinsa ne ba, bai ce shi ya matsa ba. Ya bi unguwa yana cewa wani Bahaushe ya kashe masa gidan gado. Kuɗina ko kwabo ban gani ba. Shekara uku ba wanda ya kira ni aiki a tsibirin nan, sai da na koma Agege ina ɗora bulo a yini kamar sabon shiga, ni da na koyi sana'a a hannun mutumin da ya koya wurin jikokin Aguda. Daga baya aka rushe gidan aka yi shaguna. Na tabbata abin da yake so ke nan tun farko, ni ya samu ya rataya wa.

Kuma haka ake ta yi. Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu, ginin 1855, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, an wayi gari an baje shi a watan Satumba na 2016, ana jajibirin babbar sallah. Na je na tsaya a kan ɓaraguzan, na ɗauki gutsuren bulo ɗaya, yana nan a ɗakina. Mu ma muna da rabo a garin nan, kada wani ya ce maka baƙo ne kai: tun 1863 Baturen mulki Gulob (Glover) ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, kuma sojojinmu na cikin waɗanda suka fara zama a Obalende.

Yadda ake kwaɓi da riƙon cokali ba zan tsaya gaya maka ba, wanda ya shekara biyu a bayana bai iya wannan ba gara ya je ya nemi acaɓa. Abin da nake so ka riƙe shi ne haƙurin da ku ba ku da shi. Farar ƙasar da ke cikin duro ɗin can mako uku ke nan tana jiƙe, kuma ba ta kai ba. Kwano ɗaya nata, uku na yashi mai kaifi wanda aka wanke. A jiƙa bango kafin a ɗora. Shafe uku ne sirara, kowanne sai ya kwana biyar ko fiye kafin na gaba ya hau, a rataya jiƙaƙƙen buhu don kada rana ta busar da shi da gaggawa, saboda iska ce ke ƙarfafa shi a hankali. In na kama ka ka saci ko rabin kwano na siminti ka zuba don ya kama da wuri, ranar za ka tattara kayanka.

Gobe ka riga ni zuwa. Ka ɗanɗana yashin da aka kawo jiya, sannan ka bi bangon gabas da ƙotar cokali kana ƙwanƙwasawa, duk inda ka ji ya yi kukan ganga ka zagaye shi da alli. Furen da ke bisa tagar tsakiya kada hannunka ya kai kansa sai na zo.